Mustafa Akkad: Daraktan Hollywood da ya ɗauki tarihin Musulunci a fim, da dalilin da ya sa ya tsaya a finafinai biyu

Mutane da yawa a ƙasar Hausa sun kalli aikin Mustafa Akkad ba tare da sun taɓa riƙe sunansa ba. Duk wanda ya tuna hoton Sayyidina Hamza yana shigowa Makka a kan doki bayan dawowarsa daga farautar zaki, ko Bilal kwance a kan rairayi mai zafi an ɗora masa dutse a ƙirji, ko kuma tsoho Umar Mukhtar riƙe da tabarau yana koyar da yara karatu a ƙauye, to ya san aikin wannan mutum. A Amurka kuwa, ƙasar da ya zauna kusan shekara hamsin ya kuma zama ɗanta, sunansa ya fi fitowa ne a farkon jerin finafinan ban tsoro da ake kira Halloween, waɗanda ba su da wata alaƙa da addini ko tarihi. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce yadda mutum ɗaya ya haɗa waɗannan fuskoki biyu, da kuma abin da ya sa darakta mai irin wannan baiwa ya ba da umarnin manyan finafinai biyu kacal a duk tsawon rayuwarsa. Amsar tana cikin yadda ake samo kuɗin shirya fim, da hannun da kuɗin ke fitowa daga gare shi.

An haifi Akkad a shekarar 1930 a birnin Halab na ƙasar Siriya, mahaifinsa kuma ma'aikacin kwastan ne. Tun yana yaro ya kamu da son sinima, har ya ƙudurta cewa sai ya je Hollywood, maganar da a wancan zamani ta yi kama da mafarki a kunnen mutanen garinsu. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ranar da zai tafi, mahaifinsa ya ba shi dala 200 da kwafin Alƙur'ani, ya ce iyakar abin da yake da shi ke nan. Ya isa Amurka a shekarun 1950, ya yi karatun wasan kwaikwayo da shirya fim a jami'ar UCLA da ke Los Angeles, sannan ya yi digiri na biyu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A wannan lokaci ne ya haɗu da darakta Sam Peckinpah, wanda ya nemi shawararsa a kan wani fim game da yaƙin neman 'yancin Aljeriya. Fim ɗin bai tabbata ba, amma dangantakar ta ɗore, Peckinpah ya zama ubangidansa a sana'a, daga nan kuma Akkad ya shiga aikin shirya shirye-shirye a gidan talabijin na CBS. Shekarun da ya yi a talabijin sun koya masa lissafin kuɗi da sarrafa ma'aikata da kiyaye lokaci, wato ɓangaren sana'ar da mai kallo ba ya gani amma wanda in babu shi babu fim.

Abin da ya fi damunsa a zamansa na Amurka shi ne ƙarancin sanin da mutanen can ke da shi game da Musulunci, ga kuma yadda finafinansu suka saba nuna Balarabe a matsayin ɗan fashin sahara ko attajiri marar tunani. Ya bayyana a hirarrakin da aka yi da shi cewa a matsayinsa na Musulmin da ke zaune a yammacin duniya, yana ganin wajibi ne a kansa ya ba da labarin addininsa yadda yake. Hollywood ta riga ta yi manyan finafinai a kan Annabi Musa da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su, an kashe musu dukiya mai yawa, kuma sun yi kasuwa. Akkad ya so ya yi wa tarihin farkon Musulunci irin wannan hidima, da irin wannan girma, da kuma ƙwararrun da suka yi waɗancan.

A nan ne babbar matsalar ta taso, domin ba a saba yin fim na tarihin wani mutum ba tare da an nuna mutumin ba, shi kuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba a siffanta shi a hoto, ba a kwaikwayon muryarsa. Manyan kamfanonin Hollywood ba su ga yadda za a sayar da irin wannan fim ba. Akkad bai nemi ya kauce wa ƙa'idar ba, ya ɗauke ta a matsayin tushen da zai gina aikin a kai. Ya haɗa marubuci ɗan Ailan H.A.L. Craig da manyan marubutan Masar, cikinsu har da Taufiƙ al-Hakim da Abdurrahman al-Sharƙawi da Abdulhamid Juda al-Sahhar, aka kai rubutun gaban malaman Jami'ar Azhar da ke Alƙahira da kuma majalisar malaman Shi'a ta Lebanon domin su duba. Aka tsaya a kan cewa ba za a nuna Annabi ba, ba za a ji muryarsa ba, haka ma matansa da 'ya'yansa da halifofi huɗu. Abin da ake gani na Sayyidina Ali shi ne bakin takobinsa mai harshe biyu a fagen Badar.

Yadda Akkad ya warware wannan ƙulli shi ne, a ganina, mafi girman abin da ya bari a tarihin sana'ar fim. A wuraren da labari ya kai ga Manzon Allah, sai kyamara ta tsaya a inda yake, 'yan wasa su fuskance ta su yi magana cikin ladabi, su yi shiru na ɗan lokaci kamar masu sauraro, sannan wani daga cikinsu, Hamza ko Zaidu ko Bilal, ya maimaita wa jama'a abin da aka faɗa. Wani sauti mai taushi na kiɗa ne ke sanar da mai kallo cewa yana wurin. A wani wurin kuma ana ganin kan raƙumarsa tana ratsa Madina har ta durƙusa a inda za a gina masallaci, ko sanda tana ture gumaka a cikin Ka'aba ranar buɗe Makka. Sakamakon wannan dabara shi ne nauyin labarin ya koma kan fuskokin mutanen da saƙon ya shafa, wato bawan da aka gaya wa cewa shi da ubangidansa daidai suke a wurin Allah, da iyayen da ɗansu ya bar addininsu, da attajiran Ƙuraishawa da suka hango cewa kasuwar gumaka za ta mutu. Wurin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi sarkin Habasha yana karanta ayoyin Suratu Maryam, sarkin kuma ya ja layi a ƙasa ya ce bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kaurin wannan layi ba, an tsara shi ne musamman domin Kiristan da ke zaune a sinimar Landan ko New York ya ji cewa da shi ake magana.

Dabarar tana da nata raunin, kuma adalci ne a faɗe shi. Da yake Hamza ne ya riƙe fim ɗin a matsayin jarumin da ido ke bi, shahadarsa a Uhudu ta bar giɓin da sauran 'yan wasan ba su iya cikewa ba, shi ya sa kashi na ƙarshe yake tafiya da sauri kamar ana lissafa abubuwan da suka faru. Akwai kuma malamai da yawa, a da da yanzu, da ba su yarda a kwaikwayi kowane sahabi ba, balle baffan Annabi, kuma wannan fahimta ce mai hujjojinta wadda amincewar wasu malaman ba ta share ta ba.

Akkad ya ɗauki fim ɗin sau biyu a lokaci guda, ɗaya da Ingilishi mai suna The Message, ɗaya da Larabci mai suna Ar-Risala. Ya ƙi yarda a ɗora muryar fassara a kan fim ɗaya, domin motsin baki da salon wasa na Larabci dabam suke da na Ingilishi. Saboda haka sai tawaga ɗaya ta yi fitowa ta gama, ɗaya tawagar ta shigo wuri ɗaya ta maimaita. Anthony Quinn ne ya fito a Hamza a na Ingilishi, Abdullahi Gais ɗan Masar kuma a na Larabci. Irene Papas 'yar Girka da Muna Wasif 'yar Siriya su ne suka fito a Hindu matar Abu Sufyan, yayin da Johnny Sekka, haifaffen Dakar, ya fito a Bilal a na Ingilishi. Masu kallo da yawa da suka ga duka biyun sun fi jin na Larabcin a zuciya, ni ma ina cikinsu, domin a can ne kalmomin suke zaune a harshen da aka fara furta su. A bayan kyamara kuwa ya ɗauko Jack Hildyard, mai ɗaukar hoton da ya taɓa cin kyautar Oscar, da Maurice Jarre, wanda ya yi kiɗan Lawrence of Arabia, fim ɗin da shi ma Quinn ya fito a ciki. Ma'ana, mutanen da suka taimaka wa Turawa wajen ba da labarin sahara ta mahangarsu, su ɗin ne Akkad ya ɗauka haya domin a ba da labarin ta mahangar masu saharar.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta yanke hukunci a kan makomar fim ɗin da ma makomar Akkad. An fara da alkawarin tallafi daga ƙasashen Kuwait da Maroko da Libiya, aka gina kwatankwacin tsohuwar Makka a kusa da Marrakesh, aka soma ɗauka a 1974. Ba a daɗe ba Rabiɗar Duniyar Musulmi da ke Makka ta nuna adawarta, matsin lamba daga Saudiyya ya yi ƙarfi, Kuwait ta janye, Sarki Hassan na Biyu na Maroko kuma ya dakatar da aikin a ƙasarsa. Akkad ya tsinci kansa da ɗaruruwan ma'aikata da fim ɗin da bai kammala ba. Mu'ammar Gaddafi ne ya karɓe shi, ya ba shi wuri da kuɗi aka ƙarasa ɗauka a Libiya. Wannan taimako ya ceci fim ɗin daga mutuwa, amma ya liƙa masa tambarin da ya bi Akkad har ƙarshen rayuwarsa, domin a idon 'yan jaridar Amurka da masu rarraba finafinai ya zama mutumin Gaddafi.

An fara nuna fim ɗin a Landan a 1976. Ranar 9 ga Maris 1977, ranar da aka tsara fara nuna shi a Amurka, wasu mutane goma sha biyu ɗauke da makamai ƙarƙashin jagorancin Hamaas Abdul Khaalis, shugaban wata ƙungiyar Musulmi baƙaƙen fata da ke kiran kanta Hanafiyya, suka mamaye gine-gine uku a birnin Washinton suka yi garkuwa da mutane kusan 150. Babban abin da ya tunzura Khaalis shi ne kisan gillar da aka yi wa iyalinsa a 1973, kuma ya nemi a miƙa masa waɗanda suka aikata, amma cikin buƙatunsa har da a daina nuna fim ɗin, wanda bai ma kalla ba. Jita-jita ta riga ta yaɗu cewa Anthony Quinn ya fito ne a matsayin Annabi, alhali ba haka ba ne. An kashe wani matashin ɗan jarida, an harbi Marion Barry wanda daga baya ya zama magajin garin birnin, kuma sai da jakadun Masar da Pakistan da Iran suka shiga tsakani, suna karanta wa maharan ayoyin rahama, kafin a saki mutanen bayan kusan kwana biyu. An janye fim ɗin daga sinimomi na ɗan lokaci, da aka dawo da shi kuma tsoro ya riga ya kori masu kallo. A ɓangare guda, Saudiyya da wasu ƙasashen Larabawa sun hana nuna shi. Fim ɗin da aka yi domin kasuwa biyu ya rasa mafi yawan su biyun, duk da cewa kiɗan Jarre ya shiga takarar Oscar. Rayuwarsa ta gaskiya ta zo ne daga baya, ta hanyar kaset na bidiyo da gidajen talabijin da faifan CD, kuma ta nan ya iso gidajenmu.

A daidai wannan lokaci ne ɗaya fuskar ta Akkad ta bayyana. Wani mai rarraba finafinai, Irwin Yablans, ya kawo masa shawarar ƙaramin fim na ban tsoro wanda wani matashin darakta, John Carpenter, zai yi tare da abokiyar aikinsa Debra Hill. Akkad ya zuba kimanin dala dubu 300, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ya saba kashewa, ya kuma bar Carpenter ya yi aikinsa ba tare da katsalandan ba. Halloween ya fito a 1978 ya tara kusan dala miliyan 70 a duniya, ya zama ɗaya daga cikin finafinai masu zaman kansu da suka fi kowanne riba a zamaninsu. Sunan Akkad ya fito a duka finafinai takwas na jerin har zuwa 2002. Lokacin da kashi na uku ya fito a 1982 ba tare da makashin nan mai rufe fuska, Michael Myers, ba, masu kallo suka juya masa baya, kuma Akkad ne ya dage aka dawo da shi a kashi na huɗu a 1988. Akwai masu ganin wannan ɓangare na rayuwarsa a matsayin abin da bai dace da mai Ar-Risala ba, kuma ina fahimtar damuwarsu, domin finafinai ne na kisa da zubar da jini. Sai dai wanda ya san yadda Hollywood ke tafiya ya san cewa wannan jeri ne ya ba shi ofis da kamfani da mutunci a garin da ba a sauraron wanda bai kawo riba ba. Kuɗin ya isa ya riƙe shi a sana'a, amma bai kai ya ɗauki nauyin fim mai dubban mahaya da rundunoni ba.

Shi ya sa da ya tashi yin fim na biyu, sai ya sake komawa Libiya. Lion of the Desert, wanda ya fito a 1981, labarin Umar Mukhtar ne, malamin ɗariƙar Sanusiyya da ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙar sojojin Italiya bayan sun mamaye Libiya a 1911, har aka kama shi aka rataye shi a sansanin Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Ɗariƙar tasa ba baƙuwa ba ce a yankinmu, domin hanyoyin fatauci da zawiyoyinta sun gangaro har Chadi da Agadas da Damagaram da Kano. Quinn ne ya fito a Umar Mukhtar, Oliver Reed a Janar Rodolfo Graziani, Rod Steiger kuma a Mussolini. Ta fuskar sana'a wannan fim ya fi na farko ƙarfi, domin a nan Akkad yana da jarumin da zai iya nunawa, yana da abokin gāba mai kaifin basira, ga kuma fagagen yaƙi da aka tsara da tankoki da dawaki na gaske. Ya nuna sansanonin da aka tsare dubban fararen hula a cikinsu, da shingen waya mai ƙaya da Graziani ya ja a kan iyakar Masar domin datse wa mayaƙan hanyar abinci da makami. Wurin da Umar Mukhtar ya hana mutanensa kashe fursunan yaƙi, aka ce masa ai su haka suke yi mana, ya amsa da cewa su ba malamanmu ba ne, ya tattara duk abin da Akkad yake son faɗa game da gwagwarmaya mai iyaka da tarbiyya.

An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 35, abin da ya samu a sinimomi kuwa bai wuce miliyan ɗaya da wani abu ba. Lokacin fitowarsa ya zo daidai da taɓarɓarewar dangantaka tsakanin Amurka da Libiya, domin a wannan shekara ta 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta rufe ofishin jakadancin Libiya a Washinton, jiragen yaƙin ƙasashen biyu kuma suka yi arangama a saman tekun Sidra. Italiya ta hana nuna shi bisa hujjar cewa ya zubar da mutuncin sojojinta, kuma ba a nuna shi a talabijin ɗin ƙasar ba sai a watan Yunin 2009, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara Roma. Bayan irin wannan asara, babu kamfanin Hollywood da zai sake miƙa wa Akkad babban fim, su kuwa shugabannin Larabawa masu kuɗin kowannensu yana da lissafinsa na siyasa, kuma wanda ya biya yakan so a yi waƙa da sunansa.

Fiye da shekara ashirin da suka biyo baya ya yi su ne yana yawo da rubutun fim a kan Salahuddin al-Ayyubi, wanda ya so Sean Connery ya fito a ciki. Ya ƙwanƙwasa ƙofofi a ƙasashen Larabawa, ya sha nanata cewa kuɗin jirgin yaƙi ɗaya zai isa a yi fim ɗin da zai gyara sunan Musulmi fiye da makamai, musamman bayan harin 11 ga Satumba 2001, amma kuɗin ba su haɗu ba. A watan Mayun 2005 darakta Ridley Scott ya fitar da nasa fim ɗin a kan yaƙin Ƙudus, inda ɗan Siriya Gassan Mas'ud ya fito a Salahuddin. An yaba da yadda aka mutunta sarkin, sai dai labarin na wani jarumin Bature ne, Salahuddin kuma yana gefe.

Ranar 9 ga Nuwamba 2005, 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar Alƙa'ida reshen Iraƙi, wadda Abu Mus'ab al-Zarƙawi ke jagoranta, suka kai hari a otal uku a birnin Amman na Jodan, inda mutane kusan sittin suka mutu. Akkad yana harabar otal ɗin Grand Hyatt tare da 'yarsa da ta zo daga Beirut. Ita ta rasu nan take, shi kuma ya cika bayan kwana biyu, ranar 11 ga wata, yana da shekara 75, aka kai gawarsa Halab aka binne. Abin baƙin ciki ne ƙwarai cewa mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen nuna wa duniya cewa Musulunci addinin adalci da rahama ne ya mutu a hannun masu kashe bayin Allah da sunan addinin. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ɗansa Malek Akkad ya gaji kamfanin, ya ci gaba da jerin Halloween, ya kuma ɗauki nauyin gyara tsohon faifan Ar-Risala da The Message zuwa hoto mai inganci na zamani. An nuna gyararren fim ɗin a bikin finafinai na Dubai a watan Disambar 2017. A watan Yunin 2018, lokacin ƙaramar Sallah, watanni kaɗan bayan an sake buɗe sinimomi a Saudiyya, hukumomin ƙasar suka ba da izinin nuna shi, shekara 42 bayan fitowarsa da kuma kusan shekara goma sha uku bayan rasuwar wanda ya yi shi.